Farfelar da Na Ɗaura wa Nahuda Sabzal

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, ashirin da takwas ga watan Mayu, ana kiran sallar la'asar, ruwa ya kifar da jirgin Nahuda Sabzal, wato shugaban matuƙansa, a bakin mashigar tekun garinmu Pasni. Mutum huɗu sun fita da rai. Shi sai da hantsin Laraba aka tsinci gawarsa.

Sabzal, shekara talatin kana jan jirgin kamun kifi, ni kuma ina gyara maka inji a rumfata ta bakin gaɓa. Kai ne ka jawo mini masunta lokacin da ba wanda ya yarda ya ba ni ko sifana in riƙe masa. Kullum ka dawo daga teku sai ka ware kifin zawarawan unguwa kafin a auna saura. Ka jefo mini nawa kana tsokanata: "Ungo, Dilmurad, makanikin jirgi mai tsoron ruwa!"

Kowa ya san ɗabi'arka in an sauya farfela. Ba ka yarda da ido ba. Sai an loda raga da ƙanƙara, mutanenka sun zauna, ka zaga da jirgin kana kasa kunne. In inji ya yi nishi, ka ce a cire. Mun sha yi maka dariya a kan haka.

Ranar Litinin farfelarka ta bugi dutse, fiffike ɗaya ya karye. Mai jirgin, Haji Gazabek, ya zo da wata mai ƙyalli da ya ciro daga jirgin gudu na ƙaninsa. Na ƙirga haƙoran cikinta, sun yi daidai da na sandar injin. Amma fuka-fukanta sun cika lanƙwasa, irin na jirgi marar kaya ne, ba na mai ɗauke da kifi ba. Ka juya ta a hannu ka ce, "Haji, wannan ba tamu ba ce. In mun yi nauyi ba za ta ja ba."

Ya ce, "Haba Nahuda, ta shiga ko ba ta shiga ba? Kwana uku ya rage teku ya rufe, a daina fita kamun kifi. Ko tsufa ne ya fara kama ka?"

Sai ka dube ni. Wallahi na san gaskiyarka, na kuma san kalma ɗaya daga bakina ta isa. Amma jirage shida na Haji duk ni ke gyara su. Na sunkuyar da kai na ce, "Za ta yi." Na ɗaure ta da hannuna. A karon farko a rayuwarka ka fita ba gwaji, saboda ni na faɗa.

Waɗanda suka tsira sun ce kun cika jirgi da kifi. A mashiga igiyar ruwa ta taso bayanku, ka murɗa inji iya murɗawa, ya yi ta nishi bai ja ba. Da kuka kife, kai ka riƙa tura musu jarkoki su rungume, har babu wadda ta rage maka.

A zaman makoki Haji ya yi ta cewa kwana ne ya ƙare. Haka ne. Amma raina ya ɓaci da shi, ya fi ɓaci da kaina, don ina gefensa ina shan shayi ban ce uffan ba. An ciro jirgin ranar Asabar. Jiya Haji ya aiko mini da farfelar da ta dace, sabuwa fil, wai in ɗaura kafin a sami wani nahuda. Ashe tana nan a kasuwa tun ranar Litinin ɗin.

Allah Ya jiƙanka, Sabzal, Ya karɓi shahadarka, Ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Durnaz, da 'ya'yanka Hani da Shambe, da dukan masuntan Pasni. Allah Ya ba ku haƙuri.

Durnaz, ranar uku kin aiko a yi mini godiya, kin ce na kula da injin mijinki tsawon rayuwarsa. Sai yau ga amsata. Ban roƙe ki gafara ba tukuna, don ina so ki fara sanin abin da za ki yafe.