Wuƙar Auren Mangwaro

Ranar Talata ce a ƙarshen watan Mayu, wajen ƙarfe goma na safe, a bakin kanal ɗin da ke shayar da gonarmu a Kura. Mu uku ne: ni, da Baffa ƙanen mahaifina, da malamin gona. Dogon yaro ya mamaye gefen kanal, saiwoyinsa suna fasa siminti, wanda aka sare kuma sai ya sake tohowa. Malamin ya zo da wani ƙullu a roba. Ya ce fumfuna ce mai rayuwa a cikin itace. Idan aka shafa ta a sabon kututture, za ta ci shi har ya ruɓe.

"Amma ku kula," in ji shi. "Ta sabon rauni take shiga, kuma ban ce ta san bambancin dogon yaro da mangwaro ba."

Da suka tafi, na rasa abin shafawa. Na zaro 'yar wuƙar da ke soke a rufin bukka, na shafa ƙullun a kututturan da ita, na goge ta a wando, na mayar. A gonarmu ba a tambaya kafin a ɗauki kayan aiki.

Washegari na tarar da Baffa a tsugune, wuƙar nan a hannunsa. Auren mangwaro yake yi: ya tsaga ƙaramin dashe, ya cusa reshe, ya ɗaure da leda. Rassan na bishiyar kakanmu ne, wadda guguwa ta tumɓuke kwana uku kafin nan, kuma babu irinta a ko'ina. Ya gama goma sha ɗaya, saura uku.

Na tsaya ina kallon wuƙar, har Baffa ya ɗago kai.

"Ɗan birni, ka tsaya kamar an dasa ka. Miƙo leda."

"Baffa, da wuƙar nan na shafa maganin jiya."

Hannunsa ya tsaya. "Ka wanke ta?"

"Na goge."

"Da me?"

"Da wando."

Bai yi faɗa ba, na gwammace da ya yi. Ya hura wuta da kara, ya gasa bakin wuƙar, ya bari ta huce, ya aura ukun da suka rage, ya kai su tsallaken kanal.

Malamin gona ya ce sai dai a jira. Kullum bayan asuba ina wurin, ina leƙen ƙarƙashin leda. Ko ganye ɗaya ya lanƙwashe sai in tsuguna in yi ta duba shi. Baffa yakan wuce ni da fartanya a kafaɗa, ba ya tambaya.

Cikin sha ɗayan, biyu ne suka kama. Ba wanda ya iya ce mini fumfunar ce ta kashe sauran ko zafin rana. Na tsallaken kanal duka ukun sun rayu. Tun daga lokacin a aljihu Baffa yake ajiye wuƙarsa.