Furosesa Ɗaya da Yaya Kabiru Ya Bari

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana Kabiru. Yana ajin ƙarshe a jami'a nan Wudil zazzaɓi ya kwantar da shi, bai kuma tashi ba. Ni na gaji kwamfutarsa.

A cikinta ya gina wata kwamfutar ta manhaja zalla, wadda ake kira baƙuwa, ta zahirin kuwa mai masauki. A cikin baƙuwar yake lissafin yadda kogi ke cika ya shiga gonaki, don gonar Baba tana wajen Darki, kuma ruwa ya sha cinye ta. Lissafin yakan yi wuni bai ƙare ba. Yakan bar shi ya tafi masallaci, ya dawo ya tarar yana nan yana jan ƙafa. In na yi ƙorafi sai ya yi dariya, ya kira ni da sunan tsokanar da ya sa mini, ya ce, "Malama Shiru, furosesa ɗaya gare ta. Aikin mutum huɗu kike so ta yi?" Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi.

Bana na ɗauki aikin nasa don kammala karatuna. Na kwashe baƙuwar zuwa sabuwar kwamfuta, na kashe ta, na ware mata furosesa huɗu, na kunna. Ɗaya ta gani. Sai da na yi ta karatu na gane dalili: ranar da ya girka ta ɗaya ta tarar, sai ta zauna a kan tsarin mai ɗaya. Dole a sauya wannan tushen, kuma in aka kuskure ba za ta ƙara tashi ba.

Na daɗe ban taɓa ta ba, ga lokacin miƙa aiki na matsowa. Komai yana yadda ya ajiye shi, har hoton gonar a fuskar allo. Ina tsoron in ɓata abin da hannunsa ya taɓa na ƙarshe.

Da yana nan, na san ba zai yarda a tsaya saboda shi ba. Amma kuma bai taɓa gyara abu ba sai ya kwafe shi, sannan ya sauya abu ɗaya, ya gwada. Haka na yi: na kwafi baƙuwar, na sauya tushen a jikin kwafin. Kwafin ya tashi, furosesa huɗun duka suka kama aiki, lissafin wuni ya ƙare kafin la'asar.

Ta asalin tana nan da ɗayanta. Nakan kunna ta, in zauna in jira, kamar yadda ya saba jira. Allah ya haskaka makwancinka, Yaya.