Ranar da Raƙumin Dawa ya Cinye Min Hula a Guwanzu

Ko na manta da sunan unguwarmu, ba na jin zan manta da ranar da aka ɗauke ni a matsayin masanin namun daji a ƙasar Sin.

Lokacin ina saro takalma a kasuwar Zhanxi Lu da ke birnin Guwanzu, wurin wani lawban, wato mai shago, da muka daɗe tare. Mahaifinsa tsoho ne tukuf, a keken guragu ake tura shi, kuma ba shi da aiki sai kallon namun dajin Afirka a talabijin. Abin da ya fi tafiya da hankalinsa shi ne ƙaurar wasu dabbobi masu kama da ɓauna, masu gemu, da ke tsallaka kogi garke-garke duk shekara, kadoji na dakonsu. Burinsa ya je ya gani da idonsa, likita kuwa ya hana shi hawa jirgi.

Sai lawban ya yanke shawarar kawo masa Afirka har gida, wato ni. Wani abokina ɗan Maraɗi, wanda ke jin yarensu kuma bai iya barin magana ta wuce ba, shi ya ƙara wa wutar fetur. Ya ce masa ai a garinmu sai an kori zakuna daga bakin rijiya kafin a ɗebi ruwa. Ni da aka haifa a tsakiyar Kano, babbar dabbar da na taɓa riƙewa ita ce ragon layya.

Na so in ƙi, amma lawban ya ce tsohon har aski ya yi saboda zuwana. Haka na zuba babbar riga da hulata mai tsada, muka nufi wani katafaren gidan namun daji a bayan gari, ɗan Maraɗi na biye a matsayin tafinta.

A nan na fara ganin raƙumin dawa a rayuwata. Aka miƙo min reshen ganye, tsoho ya zuba min ido yana jiran ya ga gwaninta. Da na rasa dabara, sai na shiga kaɗa harshe irin yadda muke kiran rago in za a ba shi dusa. Dabbar ta sunkuyo a natse, ta wuce ganyen, ta zaro wani baƙin harshe kamar igiyar guga, ta naɗe hulata ta yi sama da ita.

Tsoho ya hau tafi har da hawaye, wai ta gane ɗan garinsu, kewar gida ke damunta. Sai mai kula da wurin ya ce ai a Guwanzu aka haife ta, haka ma uwarta.

Kunya ta rufe ni. Na ce wa ɗan Maraɗi ya fassara ba ƙari: ban taɓa ganin ƙaurar nan ba, iyakata shanun Fulani in sun nufi kudu da rani. Na ɗauka tsohon zai ɓata rai, amma sai ya tambayi yadda ni nake zuwa. Na ce gabanin kowace Salla muke cika jirgi mu sauka a filin jirginsu na Baiyun, mu yi lodi, mu juya.

Sai ya ce, "To ai na ga ƙaurar. Ina kadojin?"

"Suna can gida, Baba," in ji ɗan Maraɗi, "suna jiran kwantena."

Tsohon ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa. Lawban ya ce rabonsa da jin wannan dariyar tun kafin ciwo ya kwantar da mahaifin nasa. Sannan lawban ya riƙe hannuna yana ta cewa shishe, wato godiya, raƙumin kuwa na can yana tauna hulata.

Abin da na koya shi ne, bai kamata mutum ya fara ganin arzikin gidansu a gidan wani ba. Ina komawa na kwashi yarana muka tafi Yankari, amma hula a mota na bar ta.