Kaka Mal-sun da Saiwoyinta Masu Barci

Kafin motar ɗalibai ta hawo tudu, Kaka Pyo Mal-sun ta riga ta tsuguna a bayan makarantarmu, tana tura yatsa cikin ƙasa ta ji ko da sauran laima. Shekara talatin da huɗu ke nan. A takarda, mai shara ce. Amma duk wanda ya yi karatu a nan ya san furenta, geumnanghwa, mai jeruwa a reshe kamar ƙananan zukata, kowace da farin ɗigo a ƙasanta.

Daga gidan mahaifiyarta ta tono saiwar, shekarar da ruwan madatsa ya cinye ƙauyensu. Abin da ya rage mata daga can ke nan.

Furen inuwa yake so, kuma da zafi ya kankama sai ganyen ya bushe, wurin ya koma fili. Shi ya sa take kafa tsinken cin abinci a kan kowace saiwa. Bara sabon shugaban makaranta, Malam Ok, ɗan birni, ya ga fili da tsinkaye, ya ce a zuba siminti don ajiye motoci. Mu malamai muka rubuta masa hujjoji shafi biyu, bai ko duba ba. Ita kuwa kwali ta shimfiɗa ta zauna a wurin. Wuni uku, cikin zafin Agusta, da ciwon gwiwarta.

Rana ta uku ya fito. "Haba Kaka, ai sun mutu."

"Ɗana, kai in ka yi barci siminti ake zuba maka?"

Ta tone ƙasa da yatsu, ta kamo hannunsa ta ɗora kan saiwar, ga 'yan tohonta jajaye. Ta ce ya bi a hankali, ba ta da wuyar karyewa. Ya daɗe a durƙushe. Har yau a bakin titi ake ajiye motoci.

Kaka, ke ce mai gadin abin da ido ba ya gani. Ƙarshen watan nan za ki ajiye tsintsiya, kuma duk mai raina aikinki ya zo ya faɗi haka a gabana. Mun gode, uwar lambu.

Ta ƙi walima. Ta ce ranar Asabar za ta raba saiwa, don kada furen ya dogara da wuri guda. Ku zo ku karɓa, ku koyi jiranta. Amma ba za ta ba wanda gidansa babu inuwa ba. Malam Ok ne ya fara ba da sunansa, ta ce sai ta je ta ga gidan tukuna.