Ranar da Aka Shanya Fayafayan Manzo

Duk Ba'adaren da ya tafi bida, wato neman kuɗi, a Abijan, an san abin da ake jira ya komo da shi: kwanon rufi, keke, turamen atamfa na uwa da na mata, in Allah ya buɗa sosai a ga rediyo. Yayana Manzo ya yi shekarunsa can, ranar da ya sauka tashar Tawa sai ga shi da akwatin katako wanda ƙarti biyu suka ɗauko suna nishi. Innarmu ta sa aka share ɗaki, maƙwabta suka cika gida. Da aka buɗe, babu komai ciki sai fayafayan garmaho baƙaƙe, jere a tsaye cikin rigunansu na kwali. Inna ta duba, ta sake dubawa, ta tambaya ko ana dafa su. Ni Raƙiya ina yarinya lokacin, amma har yau ina jin dariyar da matan unguwa suka yi a tsakar gidanmu. Wata tsohuwa ta ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.

A Abijan injin tsaga katako ya yi wa aiki, ƙarar injin ta kashe masa kunnen hagu. Da yamma yana kasa goro a ƙofar wani gidan shaƙatawa inda ake sa kiɗan jaz, na baƙaƙen Amurka, mai ƙaho da fiyano da wata ƙatuwar garaya da sai an tsaya ake kaɗa ta. Nan abin ya shige shi. Ya riƙa bin masu gwanjo yana tsintar tsofaffin fayafayai, kuma ba kowanne yake ɗauka ba sai irin na da, masu murya ɗaya, waɗanda ake ce wa mono. Sababbin raba kiɗan suke yi gida biyu, wani ta dama wani ta hagu, mai kunne ɗaya kuwa rabi yake samu. Na da ɗin wuri ɗaya suke zubo komai. Su ma da nasu kan allura, ɗan abu kamar ƙwallon dabino da ake ɗaurawa a bakin hannun na'urar da ke juya faifai, mai allura kauri wadda ta dace da faɗin layinsu. Idan aka sa musu kan zamani, in ji shi, allurar yawo take yi cikin layi tana kwaso ƙara.

Ni dai, Allah na gani, ban taɓa jin daɗin kiɗan nan ba. Ba waƙa, ba amshi, ba a kiran sunan kowa balle a yi masa kirari. Kowa na busa abin da ya ga dama. Amma Yaya idan ya juya kunnen damansa wajen lasifika ya rufe ido, ko tuwo aka ajiye gabansa sai ya huce.

Ya buɗe rumfar takalma a kasuwa, ya auri Zalika, suka haifi 'ya'ya, mazan suka girma suka bi hanyar bida su ma. Gonar gado tana ƙauyen Bambeye, duk damina yana zuwa noma. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya faɗa da kowa, dokarsa ɗaya ce a gidan: kada a taɓa fayafayai. Dalili kuwa bai taɓa faɗa ba, kuma wannan shi ne laifinsa da nake gani har gobe. Shi kaɗai yake goge su da wani tsumman karan-miski, shi kaɗai yake mayar da su. Duk mai tafiya Abijan ko Lome sai ya yi masa saƙon kan allura, su kuwa su kawo masa na zamani, ya yi godiya ya jefa cikin gwangwani. A hankali tsofaffin da ke wurinsa suka yi ta cinyewa har ya rage guda ɗaya.

Abokin jin kiɗansa ɗaya ne a duk faɗin Tawa, Mushe Sama'ila, malamin lakwal, wato makarantar boko (Mushe ake kiran malamanta), Kirista mutumin Dogon Dutsi da aiki ya kawo garin. Wata rana yana wucewa ta bayan katangarmu ya ji ƙaho, ya tsaya cikin rana har faifan ya ƙare, sannan ya yi sallama. Daga nan Lahadi ta zama tasu. Mushe ya taso daga coci ya ci abinci, Yaya ya yi la'asar, su zauna a zaure. Na sha wucewa ta gabansu, ban taɓa jin sun yi hirar da ta wuce gaisuwa ba. Ɗaya ya ɗaga gira, ɗaya ya gyaɗa kai, a juya faifai. Haka suka yi har furfura ta cika kawunansu.

Sai hawan jini ya kayar da Mushe. Ɓarin jikinsa na dama ya mutu, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Matarsa Esta ta yi jinya iya jinya. Tun daga lokacin Yaya ya juya tafiyar: kowace Lahadi ya ɗaure na'ura da batir a bayan keke, ya naɗe fayafayai biyu ko uku cikin zane, ya nufi gidansu can wajen tafki. Esta ta gaya mini da bakinta cewa duk mako mijinta kwance yake yana kallon rufi, abinci sai da lallashi, amma ran Lahadi tun hantsi yake nuna mata rigarsa da ido, a yi masa wanka a zaunar da shi kan kujera. In kiɗa ya tashi, yatsan hannunsa mai lafiya ya yi ta bugun gwiwa, ran nan kuma ya cinye kwanonsa tas. Ta ce Lahadin Manzo ce ke riƙe da shi, ba maganin likita ba.

Daminar da ta wuce, wadda ta rushe gidaje da yawa a garin nan, Yaya yana Bambeye wajen maimai. Ruwa ya sauko da safe kamar da bakin ƙwarya, bangon ɗakinsa na gabas ya jiƙe ya zube, ruwa da laka suka shiga har gwiwa. Na'urar tana can sama a kan kantar katako, ta tsira. Akwatin fayafayai kuwa yana ƙasa kan bulo.

Unguwa ta yi abin da unguwa take yi. Kafin Zalika ta gama salati maza sun shigo da shebur, mata sun ɗaura ɗamara. Aka fitar da katifa, tabarmi, tufafi, buhunan hatsi. Da aka buɗe akwati aka ga laka ta cika shi, kwalayen sun zama kunu, Zalika ta ce wannan shi ne ran maigidan, a fara da shi. Mata suka zauna gaban baho suka wanke fayafayan nan ɗaya bayan ɗaya da sabulu, a tsanake, yadda ake wanke tangaran ɗin amarya. To, a ƙasar nan me ake yi da abin da ya jiƙe? Hatsi, fata, barkono, kashin shanu, dukkansu rana ake ba. Hadari ya waye, rana ta buɗe da irin zafin nan nata na bayan ruwa. Aka shimfiɗa kwanon rufin da ya faɗo a tsakar gida, aka jera su a kai, waɗanda ba su samu wuri ba aka miƙa wa samari suka hau da su rufin kicin. Ba na wurin, ruwa ya tare ni a tawa unguwar, amma da ina nan da hannuna za a yi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ni da Yaya kusan tare muka iso da yamma. Fayafayan sun bushe, ba shakka. Sun kuma lanƙwashe, kowanne ya murɗe baki kamar fatar da aka shanya ba a kafe ta ba, takardun tsakiyarsu masu sunaye duk sun wanke. Ya ɗauki ɗaya ya ɗaga saitin idonsa, ya ajiye, ya ɗauki wani. Zalika tana tsaye bayansa, hannuwanta sun yi fari don wanki.

Ta ce, "Malam, sun sha laka, shi yas sa munka wanke su munka shanya. Ko ɗaya bai hwashe ba."

Ya ce, "Sannunku da aiki."

Washegari ya sa babbar riga ya bi gidajen unguwa yana ban gajiya, gida-gida, yadda ake yi. Kowace mace ta fito tana murna tana gaya masa nawa ta wanke, yana cewa Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci. Na ga mutuwa iri-iri a danginmu, amma ban taɓa jin tausayin ɗan uwana kamar ran nan ba. Sai da ya dawo ya shiga ɗakin Zalika ya zauna bakin gado, ita kuma a lokacin ta gane daga fuskarsa, ta fita bayan gida ta yi kukanta.

Ya rufe rumfa. Ginin bango ma ya bar wa magina, ko leƙawa ba ya yi. Ya samo gilasan taga biyu wajen wani kafinta, ya riƙa sa faifai tsakani, ya ɗan ɗumama a inuwa, ya danne da buhun hatsi. In ya kwana biyu ya ciro ya gwada. Allura ta hau tudu ta faɗa kwari, ta yi tsalle, ya yi maza ya ɗaga hannun na'urar, don in wannan kan ya karye babu wani. Ya sa wani faifan, ya sake jira.

Lahadi ta zo, bai je ba. Esta ta ji labarin bango, ta aiko da tuwo da jaje. Wata Lahadin ma ta zo ta wuce. Wayar salularsa ta yi ta kuka da sunan Esta, ina zaune ina gani, ya kife ta kan tabarma. Raina ya ɓaci. Na ce masa zumunta a ƙafa take, ba a faifai ba. Na ce in kunyar zuwa hannu rabbana yake ji, ya sayi lemo ko kankana kamar kowa, ko ya je haka nan ya zauna, ai mara lafiya fuska yake so. 

Ya ce, "Raƙiya, in na tahi mi za ni ce mishi? Shi bakinshi ya mutu, ni ko ban taɓa iya hira da shi ba. Hwaihwan ga su ka yi muna magana. Bari ɗai guda ya miƙe."

Na tashi na bar masa gidan da fushina. Taurin kai irin na masu sanyin hali ya fi na kowa, don ba su ba ka abin da za ka kama ka yi faɗa da shi.

Daga baya guda ya miƙe. Ba sarai ba, ƙahon yana ɗan rawa kamar muryar tsoho, amma allura ta bi shi daga farko har ƙarshe ba ta yi tsalle ba. Zalika ce ta aiko mini, ta ce in zo in ga Yaya yana dariya. Ran Lahadi ya yi aski, ya yi la'asar, ya ɗaure na'ura a keke. Bai yarda ya ɗora faifan a baya ba saboda ramukan da ruwa ya bari a hanya, sai ya ba ni na rungume, yana tura keke ina biye. Ban taɓa ganin yana sauri irin na ran nan ba, ni da ciwon gwiwata sai haki nake yi ina mita.

Mun tarar da kwaɗo a ƙofar gidan Mushe. Muka leƙa ta katanga, labulen taga babu, igiyar shanya babu, tsakar gida an share ƙal. Maƙwabciyarsu Tanna, mai tuyar ƙosai, ta taso daga bakin murhunta ta gaishe mu. Ta ce Mushe ya daina cin abinci, ko ruwa sai an matsa. Kowace Lahadi sai an yi masa wanka an fito da kujerarsa nan bakin ƙofa, ya zauna har magariba, in an zo shigar da shi ya yi ta gurnani. Esta ta tsorata ta kira ɗansu Ezekiyel daga Yamai. Shi kuwa da ya ga yadda uban ya rame ya ce ba zai bar su ba, ya kwashe su da kayansu, aka mayar wa mai gida makullinsa. Sun biya ta rumfar Yaya a kasuwa don sallama, suka tarar da ita rufe, direba kuma yana ta gaggawa.

Yaya ya tambaya yaushe.

Tanna ta ce, "Jiya da sahe. Da anka ɗauko shi za a sa mota, sai yak kama ƙarhen ƙohwar ga da hannun nan nashi mai lahiya, yaƙ ƙi saki. Shina ta duban hanya. Sai da ɗan nashi yaɓ ɓamɓare mishi yatsu ɗaya-ɗaya."

Ya ce, "Wace hanya?"

Ta nuna da haɓa, hanyar da muka fito ce. Yaya ya juya da kekensa a hannu ya tsaya yana kallon hanyar, 'yan kabu-kabu na wucewa suna kauce wa ramuka.  Man Tanna ya fara ƙauri a kasko, ta koma wajen tuyarta.

Mushe Sama'ila ya rasu a Yamai kafin a gama girbi. Ba su sake ganin juna ba.