Motar Auta Ba Ta Sallama

A kasuwa Mai Labule ake ce mata, a gida kuwa Auta, kuma ko yanzu da ta kai shekara arba'in da bakwai, da 'yar furfurar da take tusawa cikin ɗankwali, babu wanda ya ga dalilin canja mata suna. Sana'arta ke nan tun tana budurwa: ta auna taga, ta yanka yadi, ta ɗinka, ta hau tsani ta rataya. Ofisoshi, otal-otal, ɗakunan asibiti, har gidajen mutanen da ba sa son maƙwabta su ga abin da suke ci, babu inda ba ta shiga ba. In kana hira da ita ka ga idonta ya bar fuskarka, kada ka ji haushi, tagarka take aunawa.

Shekara goma sha tara ta yi da tsohuwar motarta, wata doguwa mai ruwan toka wadda ƙofar bayanta sai da igiya. Motar nan ba ta iya riƙe sirri ba ko kaɗan. In za ta tashi sai ta yi tari uku, salansa ta yi ta faɗa da mutanen hanya, sandunan labule suna ta kiɗa a baya. Abin da ya riƙe ta a raye duk shekarun nan, Baba ne.

Baban Auta makanike ne, na gaske, irin waɗanda ba sa buɗe bonet sai sun gama saurare. Shekara arba'in ya yi a gareji. Da ciwon suga ya cinye masa ido, yau shekara shida ke nan, sai ya rufe garejin ya koma gida, shi da ƙanwarsa Gwaggo da ke kula da shi. Ido ya tafi, amma kunne yana nan daram, har ma ya ƙara kaifi. Kullum da la'asar Auta takan biya ta gaishe shi kafin ta wuce gidanta, kuma tun tana kwanar gidan burodi yake jin zuwanta. Daga kwanar zuwa ƙofar gida, da ramuka da komai, minti uku ne. A minti ukun nan Baba zai tashi, ya wanke fuska, ya sa riga, ya gyara hula, ya bi bango da hannu har bakin get, ya zare sakata da kansa. Tana isowa za ta tarar da shi tsaye ƙyam, hannu a baya, kamar a haka ya yini.

"Fulogi na uku yana wasa," in ji shi, tun kafin ta buɗe baki.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau. Kuma har yanzu kina taka kuloci kamar keken ɗinki."

Haka suke kullum. Ita kuwa ba ta taɓa tsayawa ta yi tunanin minti ukun nan ba. Wa ma yake tunanin irin wannan?

To, ranar da tsohuwar motar ta yi mutuwar da Baba da bakinsa ya ce a bar ta ta huta, Auta ta rufe ido ta sayi abin da ta daɗe tana leƙe: jif mai lantarki, shuɗiya, sabuwa dal, ledar kujeru ma ba a cire ba. Ranar da ta je ɗaukowa, ta danna maɓalli, ba ta ji komai ba. Ta sake dannawa. Mai sayarwar ya yi gyaran murya ya ce, "Hajiya, yanzu kuma kin kashe ta." Ta danna na uku, ta ɗan taɓa totur kamar yadda ta saba lallashin tsohuwar, sai ga ta a bakin titi tana salati, jakarta ta koma kujerar baya.

Kai, kwanakin nan na farko Auta ta sha daɗi! Ta kwantar da kujerun baya, sandar labule mai tsawon mita uku ta shige lafiya lau, aka rufe ƙofa ba igiya ba roƙo. In ta ɗaga ƙafa daga totur, motar da kanta take rage gudu, sai ka ce ta san ana kusa da kwana. Ta buɗe bonet don ta ga inji, ta tarar da akwati fanko, nan take ta zuba almakashi da tef da kwalin allurai. Da yamma ta jona ta a bango, maigidanta ya tsaya yana kallo ya ce, "Shi ke nan, mun ƙara wata waya a gidan nan." Shirun cikinta kuwa har tsoro yake ba ta. A motar nan ta fara sanin cewa maigidan nata yana tsotsar haƙori in yana tunani, shekara ashirin da aure.

Ba a rasa abin kunya ba dai. Rana ta uku hannunta da kansa ya juya sitiyari ya shiga gidan mai, ta bi layi tiryan-tiryan har ta kai gaban famfo. Mai zuba man ya zagaya motar sau biyu yana neman murfin tanki. Auta ta sauke gilashi ta daure fuska ta ce ruwan sha ta zo saya.

Sai da ta ɗan saba hannu sannan ta kai wa Baba, don ba ta son ya kama ta da kuskure. Ta sha kwanar gidan burodi tana murmushi ita kaɗai, ta bi ramukan nan a hankali, ta iso. Get a rufe. Ta ajiye motar a waje ta tura ƙaramar ƙofa ta shiga.

Baba yana zaune a kan benci a tsakar gida, da wata tsohuwar singileti da shayi ya ɓata wa gaba. Kansa a sunkuye, ba hula, yana ta laluben ƙasa da hannu yana neman takalminsa, takalmin kuwa ga shi nan dab da ƙafarsa. Yana 'yar magana shi kaɗai. Auta ta tsaya cak. Shekara shida tana zuwa gidan nan kullum, amma wallahi sai ranar ta ga babanta ya tsufa, kuma abin ya soke ta har cikin rai.

Ta yi sallama. Baba ya zabura, ya wawuri rigar da ke gefensa ya zura ta a bai-bai.

"Auta? Da ƙafa kika zo?"

"Da mota na zo, Baba. Sabuwar."

"Wace irin mota ce wannan da ba ta sallama?"

Suka yi dariya dukansu biyu, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ta kama hannunsa suka fita. Ya shafa motar tun daga fitila har bamba, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya matsa taya da yatsa.

"To tayar da ita mu ji."

"Ai a tashe take, Baba."

Ya kwantar da kunne a kan bonet, ya daɗe, sannan ya ɗago. "Wannan ai firij aka sayar miki. Ina salansa?"

"Babu."

"Baƙin mai fa?"

"Ba ta sha."

"Fulogi?"

"Babu ko ɗaya."

"Ikon Allah! To mu makanikai ƙasa za mu ci?"

Duk da haka da ta zagaya da shi unguwa, ya miƙe ƙafa, ya jingina, ya ce a ƙara masa sanyi kaɗan. Da suka dawo ya ɗan bubbuga kujera ya ce, "Tana da hankali dai. Shirunta ne ya yi yawa."

Daga ranar aka shiga neman dabara. Auta ta ce za ta riƙa danna hon daga kwana. Baba ya ce hon ɗin motocin zamani duk murya ɗaya ce, kuma shi ba maigadi ba ne da za a yi masa hon. Ta ce to za ta riƙa bugo waya. Aka gwada sau ɗaya, Gwaggo ta ɗauka, ta ƙwala masa kira daga kicin, "Yaya, tashi ka shirya, 'yarka na tafe!" Baba ya ce in aka sake shirya shi kamar ɗan makaranta, zai jefa wayar a rijiya. Abin da ya biyo baya ya fi muni. Tun azahar yake sa riga da hula ya zauna a bakin get cikin zafi, yana jiran motar da ba zai ji ba. Auta takan same shi ya jiƙe da gumi, wani lokaci barci ya kwashe shi, hular ta karkace. Tausayi ya hana ta magana, haushi kuma ya hana ta jin daɗin motar.

Ran Asabar ta zo canja labulen ɗakin Gwaggo. Baba ya ce shi zai zauna a inuwar mota ya sha iska. Ta yi awa guda a ciki, ita da Gwaggo suna gardama a kan launi.

Washegari sabuwar mota ta fara ƙara. Da an taka rami sai ka ji ƙwal, ƙwal, ƙwal daga baya. Ran Auta in ya yi dubu ya ɓaci. Motar da ko wata ba ta yi ba! Ta fitar da sanduna, ta fitar da tsani, ta juye akwatin gaba, ta sa maigidanta ya zauna a baya ya kasa kunne, ƙarar tana nan. Ta kai ƙara wurin Baba, wanda kwana uku ke nan a jere take samunsa tsaye ƙyam a bakin get, fuska a wanke. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana farautar ƙara a jikin mota, buɗar bakinsa sai cewa ya yi, "Sabuwar mota sai haƙuri. Ki ƙyale ta." Ita kuwa fushi ya toshe mata kai, ba ta gane komai ba.

Ta kwashi motar ta mayar kamfanin da ta saya, ta sauke musu kwandon masifa. Babban makanikensu, wani mai gilashi da farar riga tas, ya jona kwamfuta, kwamfuta ta ce lafiya ƙalau. Sai ya sa aka ɗaga motar sama, ya shiga ƙarƙashi. Can ya fito yana dariya, riƙe da wani tsohon noti mai tsatsa, da guntuwar waya a jikinsa.

"Hajiya, ba laifin motarmu ba ne, ɗaura mata wannan aka yi. Amma wanda ya ɗaura ɗin nan malami ne. Ya kauce wa batir, ya kauce wa birki, bai taɓa wayar wuta ko ɗaya ba. Ya auna tsawon yadda sai an taka rami zai bugi ƙarfe. Ni ban taɓa ganin murɗin waya mai kyau haka ba, har na ji nauyin yankewa. Kina da abokin faɗa ne a cikin makanikai?"

Auta ta karɓi notin ta juya shi a tafin hannu. Masifar da ta taho da ita duk ta zube. Ta ce, "A'a, ba ni da shi," ta ba su haƙuri, ta saka notin a jaka.

Da la'asar ta iso shiru kamar yadda motar ta saba. Ba ta shiga ba. Ta tsaya a waje ta rangaɗa sallama da ƙarfi, sannan ta yi ta buɗe but ɗin mota tana rufewa kamar mai neman wani abu, sai da ta ji an zare sakata. Bayan sun gaisa ta kama hannunsa ta sa masa notin.

"Faɗuwa ya yi, Baba."

Ya shafa bakin wayar da babban yatsa. "Ɗaurina ba ya faɗuwa. Yanka aka yi, da filaya marar kaifi ma." Ya damƙe notin a hannu. "Na ɓata miki sabuwar mota ko?"

"Ba ka ɓata ba."

"Ba don buɗe get ba ne, Auta. Get ko Gwaggonki za ta buɗe. Ranar nan da kika shigo kika same ni, ban ji daɗi ba. Na san na tsufa, ba sai an faɗa min ba. Amma ke dai na fi son ki riƙa samuna a tsaye."

Hawaye ya zubo mata, ta bar shi ya zuba tunda ba gani zai yi ba. Ta ja hanci ta ce, "To ga sabuwar wayar ɗauri na sayo a hanya."

Ya karɓa, ya lanƙwasa, ya taɓe baki. "Wannan ai ta shanya ce. Kawo dai haka nan."

Auta ta buɗe bayan mota, ta jawo bandir ɗin yadi mai tsada da wani otal ke jira, ta warware shi a ƙasa ba ta ko yi tunani ba. Baba ya tuɓe hula ya miƙa mata, ya kwanta rigingine, ya ja jiki ya shige ƙarƙashin motar kamar jiya ya bar gareji. Ta ji yana laluben ƙarfe yana 'yar waƙa a hanci. Can sai muryarsa ta fito, irin ta da, ta mai gareji da ba ya son ɓata lokaci.

"Auta, haska min nan."

Ta san sarai ba ganin hasken zai yi ba. Duk da haka ta durƙusa a kan yadin, ta kunna fitilar wayarta, ta haska daidai inda hannuwansa suke.