Mariƙin da Mijina Ya Hana a Cire

A littattafan soyayyar da na taso ina karantawa, idan miji ya kwanta ciwo, matarsa kan riƙe hannunsa ta yi hawaye, kafin a kai ƙarshen babi ya miƙe garau. Nawa bai miƙe haka ba. Hawan jini ya shanye masa hannun dama, hannun da yake juya injinsa na sassaƙa ƙarfe da shi a wani ɗan shago a Idu. Babban wansa ya ce tunda aiki ya gagara, mu tattara mu koma garinmu. Mijina ya daina cin abinci sosai.

Abokin aikinsa, wani Bagware daga Jikwoyi, shi ya kawo dabara: a ɗaura wa injin ƙananan na'urorin juyi na lantarki da ake kira moto, kwamfuta ta riƙa ba su umarni, yatsa ɗaya na hagu ya wadatar. Aka cire mariƙan da ake juyawa da hannu, saura ɗaya, mai tura teburin injin gefe. Tafin mijina ya goge shi har yana sheƙi. Ya hana a taɓa shi.

"Oga, wannan zai juya da kansa fa," in ji abokin. "Moto ba ya san mutum."

"Bar mini shi. Ai ba tuwonka yake ci ba."

Ranar gwaji, wan nasa, Yaya, ya zo ya gani da idonsa, ya tsaya a bakin ƙofa bai ko zauna ba. Ni kuwa na sha ado, na turara gyalena, ina ƙissima yadda mijina zai juyo ya dube ni idan an yi nasara. Abokin ya dubi gyalen ya ce, "Madam, ɗaure wannan a ƙugu." Ya danƙa mini wani akwati mai jan maɓallin tsayar da injin. "In ka ga wahala, buga. Kar ka tambayi kowa."

Da farko injin ya yi ta yankan iska, teburin na kai da kawowa, mariƙin nan yana wulwulawa shi kaɗai kamar aljani ne ke juya shi. Sai aka ɗaure ƙarfe na gaske. Haƙorin injin ya shiga, ɓarɓashi na tsalle.

Can sai ƙarar ta canza, ta zama kakkaura. Ni ban san ma'anarta ba, amma jikin mijina ya sani. Idonsa na kan ƙarfen, hannunsa na hagu ya miƙa da kansa zai rage gudu kamar yadda ya saba, ya nufi mariƙin da ke gudu. Hannun da ya rage masa ke nan.

Na buga.

Komai ya tsaya cak.

"Wa ya ce ki danna?" mijina ya daka mini tsawa. Sai ya ga inda yatsunsa suke, ya janye hannun.

"To, kun gani?" in ji Yaya daga ƙofa. "Ɗayan hannun ma za ka ba injin?"

Mijina ya juya ga abokin. Ya ce a miƙo masa sifana. Da hagu, yana kuskure yana sakewa, ya kwance mariƙin, ya ajiye shi a ƙasa. Ya ce wa abokin ya rage gudun a kwamfuta, a sa sabon ƙarfe.

Ya karɓi akwatin daga hannuna ya miƙa wa wansa. "Yaya, riƙe wannan. Ke kuma riƙe ni, hannun nan ba ya jin magana."

A gaban yayansa! Kunya ta rufe ni, amma na kama hagun nasa da hannu biyu. Sau da yawa na ji yana fizga, ina ƙara matsewa, har haƙorin ya fito ta ɗaya gefen.

Yaya ya shafa ƙarfen da babban yatsa, ya juya shi, ya sake shafawa. Sannan ya ja kujera ya zauna, ya tambayi yadda ake kunna abin.